Ladabin da ba su gane ba a gidan tsofaffi

Wasiƙar wannan makon daga wani ƙanenmu ce, mutumin Funtuwa, mai aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke bayan garin Mancesta a Ingila. Ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Yaya, na zo ƙasar nan a 2023 da bizar masu aikin kula da marasa lafiya da tsofaffi. Muna aiki da 'yan Filifin, 'yan Indiya, 'yan Zimbabuwe, Turawan gari, da wani Bahaushen Gana ɗan Zangon Kumasi. Makon jiya manajarmu, wadda a haife ba ta kai ƙanwata ba, ta kira ni ofis ta ce an kai ƙarata. Wai ba na kallon mutum in yana mini magana, na ƙi ba ta hannu ranar da ta kama aiki, ina ba abokan aiki umarni kamar yarana, muna Hausa da ɗan Gana a kan tsofaffi, kuma na ce wa wata ta yi ƙiba har ta yi kuka. Wallahi ban nufi kowa da sharri ba. Ta ce za a sake zama. Takarduna a hannunsu suke. Ƙiyayya ce don ni baƙar fata ne Musulmi, ko laifina ne? In yi shiru ko in tsaya wa kaina?"

Ƙanena, sannu da haƙuri. Na yarda ba ka nufi kowa da sharri ba, domin cikin abubuwa biyar ɗin nan babu wanda za a kira rashin kunya a Funtuwa, wasunsu ma tarbiyya ce da iyayenmu suka sha wahala kafin ta zauna mana. Abin da ya faru shi ne kana ta yi musu ladabi da Hausa, su kuwa ba sa jin Hausa. Mutum ba ya ganin zuciyarka, abin da ya iso gare shi kawai yake karantawa, kuma da ma'aunin garinsu yake karanta shi.

Mu fara da ido, don shi ya fi yi wa mutanenmu illa a nan. A gida yaron da ya tsura wa babba ido ana cewa ba shi da ta ido, mai sunkuyar da kai kuwa ɗan albarka ne. A wurin Baturen Ingila, wanda ke kallon ƙasa lokacin da ake masa tambaya ko dai ƙarya yake yi, ko ya raina mai maganar, ko bai damu ba. Ni ma na ɗanɗani wannan. Shekarata ta farko ina aikin dare a wani sito, kwali ɗaya ya ɓace, shugaban aiki ya tara mu yana tambayar kowa. Da ya zo kaina na sadda kai ƙasa kamar yadda zan yi a gaban kawuna, shi kuwa daga ranar ya sa mini ido. Wata dattijuwa 'yar Jamaika ce ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, in suna maka magana ɗaga kanka, a nan gaskiyar mutum a fuskarsa ake nemanta." An ga kwalin bayan kwana uku a wata mota, amma sai da na yi watanni kafin mutumin ya saki jiki da ni. Ba zuru za ka yi wa manajarka ba. Ka dube ta in ta fara magana, ka gyaɗa kai, ka kau da ido kaɗan, ka dawo. In kallon mace ne ke maka nauyi, dubi goshinta ko tsakanin girarta na ɗan lokaci, ya wadatar.

Maganar hannu daban ce, don nan addini ya shigo, kuma ba zan ce ka bar abin da ka yi imani da shi ba. Sai dai ka yi tunanin yadda abin ya kasance a wurinta: ranar farko a sabon aiki, ta miƙa hannu a gaban ma'aikata, hannun ya tsaya a iska, ba wanda ya ce mata komai. Shirun ne ya yi ciwo. Abin da na ga yana aiki shi ne ka riga mutum: hannu a ƙirji, murmushi, ka ce haka nake gaisawa saboda addinina, kuma na yi farin cikin haɗuwa da ke. Wasu 'yan'uwa ma a wurin aiki haka suke gaida kowa, namiji da mace, don kada wata ta ga an ware ta. Wannan dabara ce mai kyau, ina ba ka shawarar ka ɗauke ta.

Umarnin da suka ce kana bayarwa kuwa, Hausarka ce kake juyawa zuwa Turanci kai tsaye. Mu mukan ce "miƙo mini tawul" da murya mai laushi, shi ke nan, laushin ya isa. Su kuwa a cikin kalmomi suke zuba ladabinsu. In ba ka sa "don Allah" ɗinsu a gaba da "na gode" a baya ba, ko da rarrafe ka faɗa, tsawa suke ji. Ka kuma kula da ɗaya gefen: in manaja ta ce maka "ko za ka iya duba ɗaki na shida in ka sami sarari?" ba shawara take nema ba, cewa take je ka yanzu. Da yawa daga cikinmu an rubuta musu ƙin bin umarni alhali ba su ma san an ba su umarni ba.

Ƙiba ba sai na tsawaita ba. A gida "kin yi ƙiba, kin yi kyau" yabo ne, alamar hutu da kwanciyar hankali. A nan zagi ne mai zafi. Jikin mutum, shekarunsa, albashinsa, me ya sa ba ki yi aure ba, me ya sa ba ku haihu ba, duk ka ɗauke bakinka daga kansu sai in mai abin ya kawo da kansa.

Na san daɗin samun wanda za ka yi Hausa da shi bayan awa goma sha biyu kana murɗa harshe. Ku yi abarku a lokacin hutu. Amma ka sa kanka a matsayin tsohuwa mai shekara 88 da ciwon mantuwa ya kama, tana kwance, maza biyu na juya ta suna magana da yaren da ba ta taɓa ji ba, suna dariya. Tsoro za ta ji. A kan gadonta ita ce mai ɗaki, da ita za a yi magana, da yaren da take ji, a gaya mata abin da za a yi kafin a taɓa ta. Ko sunan da za ka kira ta, duba takardar tsarin kula da ita ko ka tambaye ta. Wata za ta ji daɗin ka ce mata Mama, wata kuwa za ta ji ka mai da ita abin tausayi, sunanta take so. Kuma ranar da ɗayansu ya cika a hannunka, ka tuna hadisin nan ingantacce: an wuce da gawa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne?

Wani abu da ban gani a wasiƙarka ba, kuma ya dame ni: ka lissafa ƙasashen abokan aikinka, amma ba ka gaya mini komai a kansu ba. Shekara biyu kuna ɗaga tsoho ɗaya tare. Ka san cewa 'yan Filifin suna kiran babbar mace Ate, babban namiji Kuya, daidai da Yaya a wurinmu? Da yawa daga cikin ma'aikatan jinya 'yan Indiya da ke nan daga jihar Kerala suke, yarensu Malayalam, cikinsu akwai Kirista da Hindu da Musulmi, suna ce wa yayarsu mace Ceci, kuma suna da bikin Onam wajen Agusta ko Satumba. Mutanen Shona na Zimbabuwe sukan tafa hannu don godiya, sukan kira mace da sunan ɗanta, kamar yadda muke cewa Maman wane. Su ma sun baro iyaye, su ma suna aika kuɗi gida ƙarshen wata, su ma wannan kiran suna gatsau na Turawa ya yi musu nauyi da farko. Ka tambayi babbar 'yar Filifin ɗin nan ko ka riƙa ce mata Ate, ka ga yadda fuskarta za ta canza. Ranar Sallah ka kai musu cincin da dambun nama a ɗakin hutu. Ranar bikinsu ka yi musu barka, abin da ba ka ci ka ce na gode ba tare da yamutsa fuska ba. In kuma akwai Ibo ko Bayarabe a cikinku, don Allah a bar rigimar siyasar gida a gida.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, suna sauka garin Salaga, a ƙasar Gana ta yau, cikin mutanen da ba yare ɗaya ba addini ɗaya. Abokinka ɗan Zangon Kumasi jikan wannan tafiya ne, haka mutanen Sabo a Ibadan ma fatauci ne ya kai kakanninsu. Ba su bar sallarsu ba, amma sun koyi gaisuwar masu gari, sun san abin da ake ƙi a wurin kafin su buɗe kaya. Ka tambayi ɗan Ganan yadda ake zama da Asante, masu garin Kumasi, za ka sha mamakin abin da ya sani.

Yanzu tambayarka: ƙiyayya ce? Daga abin da ka rubuta, waɗannan biyar ɗin saɓanin fahimta ne, kuma gyaransu a hannunka yake. Amma wariya tana nan, ba zan ɓoye maka ba, kuma girmama mutane ba ya nufin haɗiye wulaƙanci. Dokar Daidaito ta 2010 ta hana a cuci ma'aikaci saboda abubuwa tara, ciki har da launin fata, addini, jinsi da shekaru, kuma tana kare ka tun ranar da ka kama aiki, ko da biza kake zaune. In ana zaginka da launinka, ko ana tara maka aikin da ba a ba wasu, ko ana yi wa sallarka ba'a, ka rubuta rana da lokaci da wanda ya ji, ka kai ƙara a rubuce. Hukumar ACAS, mai sasanta ma'aikata da masu aiki, tana ba da shawara kyauta, kuma ta wurinta ake bi kafin a je kotun ma'aikata. Kada ka bari wata uku ya cika a kan abin da ya faru ba ka tuntuɓe su ba. In tsoho mai ciwon mantuwa ne ya faɗi baƙar magana, ba za ka rama ba, amma ka sa a rubuta, domin haƙƙin gidan ne su kare ka. Ka sani kuma dokar nan da ta kare addininka ita ce ta kare wanda ba ya addini ko kaɗan, da wanda zaman aurensa ya saɓa wa abin da ka yi imani da shi. Ba a ce ka yarda da rayuwarsa ba, an ce ka yi aiki da shi da mutunci, ka bar wa'azi a bakin aiki sai wanda ya tambaye ka.

Ba ka ambaci salla ba, amma na san za ta taso. A watan Disamba a wajenku rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin kamar awa huɗu. Doka ta ba ka hutun minti 20 in aikinka ya wuce awa shida. Ba ta tilasta wa mai aiki ya ware lokacin salla ba, amma in ya hana ba tare da dalili mai ƙarfi ba yana iya zama wariya. Kada ka sulale ka bar abokiyar aiki ita kaɗai da tsofaffi takwas. Ku tsara da manaja tun kafin hunturu, ka raba hutunka, ka kuma karɓi aikin ranar Kirsimeti don wani ya karɓar maka ranar Sallah.

Game da takardu, tsoronka yana da tushe. Bizarka a ɗaure take da wanda ya ɗauki nauyinka. In aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar, kuma tun Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje, don haka wanda ya fita dawowa ta wannan ƙofa ba ta nan. Saboda haka kada ka ajiye aiki cikin fushi. Ka tambaya a rubuce ko zaman da za a yi na ladabtarwa ne ko tattaunawa ce kawai. In na ladabtarwa ne, kana da haƙƙin shiga da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, irin su Unison, kuma ka nemi a ba ka ƙorafin a rubuce tun kafin ranar. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta a natse ba. Shawarar biza kuma daga lauya ko mai ba da shawara mai rajista za ka neme ta, ban da 'yan "na san wani" na WhatsApp.

Da na ambaci WhatsApp: ko Hajiya ta matsa tana son ganin inda kake aiki, kada ka ɗauki hoton tsoho ko ɗakinsa ka aika gida. Wannan kaɗai yana iya raba ka da aikin. Ka ɗauki kanka a bakin titi ka aika mata, ka gaya mata iyayen wasu kake kula da su, ta sa maka albarka.

A zaman, kada ka fara da rantsuwa ko kare kai. Ka dubi manajar ka ce: a inda na tashi sunkuyar da kai girmamawa ne, yanzu na gane yadda kuke ganinsa, zan gyara, hannu kuwa addinina ne, ga yadda zan riƙa gaisawa. Amma kafin ranar, ka nemi wadda ta yi kukan a inda akwai mutane kusa, ka ce mata a garinmu wannan magana yabo ce, ban san za ta ɓata miki rai ba, ki yi haƙuri, ba zan sake ba. Kada ka ƙara da "amma". In ba ta amsa nan take ba, ka bar ta, ka ci gaba da gaishe ta kullum da safe. Ka rubuto mini bayan zaman in ji yadda kuka ƙare.