Amsa ga ɗan'uwan da yake son tara makaɗa a kan waƙoƙinsa

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, kace ka daɗe kana aikinka kai kaɗai a ɗaki da laftof, kai ke rubutawa kai ke haɗa kiɗan kai ke rerawa, yanzu an fara kiranka wasa kuma kana so ka tara makaɗa ku zama ƙungiya, amma baka san ta ina zaka fara ba kuma kana tsoron kar abin ya kuɓuce daga hannunka. Toh bari in faɗa maka abinda na gani, don nima ta nan na biyo, kuma na yi wa wasu kiɗa a waƙoƙinsu, kaga ɓangarorin biyu duk na zauna.

Kafin ka kira kowa akwai tambayar da sai ka amsa wa kanka tukuna, mutanen nan da kake nema makaɗan haya ne ko abokan tafiya? Wallahi yawancin rigimar da na gani a harkar nan daga nan take tasowa. Makaɗin haya ka bashi waƙa ya koya, yazo rihazal, ayi wasa ka biyashi abinda kuka yi dashi ya tafi, waƙar taka ce sunan naka ne, babu wanda ya cuci wani. Abokin tafiya kuwa yana da baki a cikin waƙar, zai ce maka amshin nan yayi tsawo, zai zo da nashi salon, wani lokacin ma zai yi aiki ba kuɗi saboda yana ganin shima nashi ne. Duka biyun daidai ne. Abinda ba daidai ba shine ka riƙa kiran mutum ɗan ƙungiya lokacin da babu kuɗi, ranar da kuɗi suka shigo kuma ya koma ɗan haya. Mutane basa manta wannan.

Kuma kar kaga kamar dole sai ka raba komai kafin a kiraku ƙungiya. Kevin Parker na ƙungiyar Tame Impala, ɗan Ostiraliya, tun wajen 2007 shi kaɗai yake rubutawa yana ɗauka yana haɗawa, sai in za'a hau dandamali abokansa su zo su buga tare, kuma kowa ya san matsayinsa. Trent Reznor ya fara ƙungiyar Nine Inch Nails a 1988, makaɗa sun yi ta shiga suna fita amma shi kaɗai ne ɗan ƙungiya a hukumance har 2016 da ya shigo da Atticus Ross. Amma labarin da nafi so ka riƙe shine na Dave Grohl. A 1994 bayan Nirvana, ƙungiyar da yake buga wa ganga, ta watse ya shiga sutudiyo a Seattle ya ɗauki albam guda cikin kusan sati ɗaya, kusan duk kayan kiɗan shi ya buga da kansa, ya sa masa suna Foo Fighters don a ɗauka mutane ne da yawa, sai daga baya ya nemo makaɗa. Da aka zo albam na biyu wanda ya fito a 1997, gangar da mai gangar ƙungiyar William Goldsmith ya buga bata gamsar dashi ba, sai ya sake buga yawancinta da kansa ba tare da ya gaya masa ba, mutumin da ya ji ya bar ƙungiyar. Kaga Grohl gwanin ganga ne, ƙila ma kunnensa yayi gaskiya, amma rashin faɗa ɗin shine ya raba su. Irin wannan jarabawar tana jiranka kaima, saboda duk wanda ya saba yin komai da kansa yana jin waƙar a kansa yadda yake so ta fito, da wani ya buga daban sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

Anan nake so in daɗe, don shine wahalar. Waƙar da ka haɗa a kwamfuta ba zata taɓa fitowa iri ɗaya a hannun mutane ba, ka cire rai da wannan tun yanzu. A ɗaki ka ɗora jita kan jita, murya kan murya, layi ashirin ko fiye, su kuma mutum huɗu ne da hannu takwas. Dole wani abu ya fita. Abinda nake yi shine in zauna da kowace waƙa in ware abinda in babu shi waƙar ta mutu, wataƙila wani ɗan karin kibod ne ko yadda bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, yake shigowa a amshi, wannan sai ince don Allah a buga min shi yadda yake. Sauran kuma in sakar musu. Kuma zaka sha mamaki, sau tari mai bes zai kawo abinda baka taɓa tunani ba saboda shi shekaru yayi yana wannan abu ɗaya, kai kuwa taɓawa kawai kake yi. In ka tsaya kan kowane bugu sai an yi irin naka toh gara ka cigaba da kunna kiɗan daga laftof kana rerawa a kai, yafi maka sauƙi kuma ba wanda zai ji haushi.

Wajen ɗaukar makaɗa kar ka tara mutum biyar rana ɗaya. Fara da mutum ɗaya, ni inaga mai ganga, don shi ne yake canja yanayin wasa nan take, sauran kiɗan ya cigaba da fitowa daga laftof. Amma ka sani in za'a haɗa mai ganga da kiɗan da aka riga aka ɗauka dole ya saka abin kunne yana jin ƙirgan lokaci, kuma ba kowa ya iya bin sa ba, ka gwada shi a kai tun kafin kuyi nisa. Daga nan mai bes, sai ka cire bes daga laftof ɗin, haka haka har wata rana kaga babu abinda ya rage a ciki.

Kuma ka duba hali kafin ƙwarewa. Wanda yake zuwa kan lokaci ya koyo waƙar daga gida yafi maka gwanin da sai anyi ta kiransa a waya. Rihazal ba wajen koyon waƙa bane, wajen haɗa ta ne, saboda haka ka tura musu sautin da rubutun kod, wato jerin sautukan da mai jita da mai kibod zasu bi, da wuri, in da hali har da wanda aka cire kayan kiɗan kowa don yayi atisaye a kai.

Sai maganar kuɗi, wadda kowa yake jin nauyinta. Ka yi ta tun babu ko sisi, lokacin tafi sauƙi. Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta, akwai na wanda ya ƙirƙiri waƙar wato baiti da kari, akwai kuma na sautin da aka ɗauka. Tsofaffin waƙoƙinka duka biyun naka ne, ba gardama. Amma sabuwar da kuka gina tare a rihazal fa, mai jita ya kawo karin da kowa yake rerawa, nawa ne nashi? Wasu ƙungiyoyin daidai suke rabawa ko waye ya rubuta, don a zauna lafiya, wasu kuma kowa gwargwadon abinda ya kawo. Ku zaɓi ɗaya ku rubuta a takarda ranar da aka gama waƙar, kowa ya sa hannu. Ku rubuta har da waye mai sunan ƙungiyar in wani ya tafi, da asusun wa kuɗin Spotify da YouTube suke shiga, da ko ana cire kuɗin mota da na ɗakin rihazal kafin a raba na wasa. Wani zai ce ai mu abokai ne ba sai an rubuta ba, ka lallaɓa shi a rubuta ɗin dai, bayan shekara biyu kowa yadda ya tuna maganar daban ne kuma ba wai ƙarya suke ba.

Ka tambaya ko ka canja suna. In mutane sun riga sun sanka da shi ka barshi. In sunanka na yanka ne kuma abokan tafiya kake so da gaske, toh ka yi tunani, don da wuya mutum ya zuba ƙarfinsa shekara da shekaru ƙarƙashin sunan wani, wasu sukan bar sunan nasu su ƙara na ƙungiya a gefe.

Shawarata kar ka yi wa kowa alkawari yanzu. Ka ce musu ga wasa uku a gabanmu, ga abinda zan iya biya, in mun gama mu zauna mu ga ko mun dace. In ka samu mai gangar ka turo mana ɗan abinda kuka ɗauka a rihazal ko da waya ce, zan saurara in faɗa maka abinda naji. Allah ya taimaka.