Ranar cika kuɗin gida ta wuce, mai saye bai shirya ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayar da gidana na Hotoro a Kano domin in cika in sayi wani a Tarauni. Mai saye ya ba ni kafin alƙalami, muka sa ƙarshen wata ranar cikawa, ni kuma na ɗauki kuɗin na ba mai gidan Tarauni. Yau mako uku da wucewar ranar, mutumin yana cewa banki bai saki rancen ba. Shi kuma na Tarauni ya aiko dillali, wai in ban cika ba zai ƙara kuɗi ko ya sayar wa wani. Na rasa inda zan sa kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya warware. Ka ɗaure ciniki biyu da igiya ɗaya, shi ya sa da aka ja gefe guda ɗayan ya motsa. Abu na farko, kada ka miƙa mabuɗi ko asalin takardun gidanka sai kuɗinka sun shiga asusu cif. Ka riƙe wannan ko da wa aka turo maka.

Sannan ka gano ko jinkirin na gaskiya ne. Ka nemi ya nuna maka wasiƙar da banki ya ba shi ta amincewa da rancen. Jinkirin banki abu ne sananne, kuma yana da dalili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a sayar da fili mai takardar mallaka ko a jinginar da shi sai da yardar gwamna. Saboda haka banki ba ya sakin kuɗi sai lauyansa ya bincika takardun a ma'aikatar filaye, an kimanta darajar gidan, an tabbatar ba a taɓa jinginar da shi ba. In rancen asusun gidaje na ƙasa ne, mai kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, takardun ma sai sun bi ta hannun bankin jingina kafin su isa Bankin Jingina na Tarayya, wannan kuwa ba aikin mako biyu ba ne. Wani lokaci ma cikas ɗin yana wajen mai sayarwa: bashin kuɗin ƙasa na shekaru, ko takarda mai ɗauke da sunan mahaifi da ya rasu. Ka duba naka. Idan kuwa ya kasa nuna wasiƙar, to ka san kuɗin babu su, lokaci kawai yake ja.

In ya nuna, ku zauna da lauya da shaidu, a rubuta sabon wa'adi: rana kaza, wata kaza, da abin da zai biyo baya in ta sake wucewa. "In sha Allahu wani satin" ba wa'adi ba ne a gaban alƙali. Ka ɗauki kwafin ka je wajen mai gidan Tarauni da ƙafarka, ba ta bakin dillali ba, don dillali la'adarsa yake jira, ko daga hannunka ko daga hannun wani. Ka nemi wa'adin da ya ɗara na mai sayen gidanka da aƙalla mako biyu, a rubuta cewa farashi bai canza ba. Damuwar mai gidan Tarauni ma a fahimce take. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, mutane da yawa sun ga kuɗin gida ya narke a hannunsu kafin su maye gurbinsa.

Abu biyu nake ja maka kunne a kansu. Kada ka ɗora wa mai saye ƙarin kuɗi a kan kowane makon jinkiri, domin ƙari a kan bashi saboda lokaci riba ne. Kuma in cinikin ya rushe, mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami ba, ko da yake Hambaliyya sun halatta. Ka sa a ranka za ka mayar da nasa, ka kuma nemi a rubuta cewa naka zai dawo.

Tambaya: Na biya kuɗin gida a Kubwa gaba ɗaya, ranar karɓar mabuɗi ta zo, ɗan haya ya ce kuɗinsa bai ƙare ba. Ni kuma tawa hayar ta ƙare.

Amsa: Hajiya, kada ki sa a cire masa ƙofa ko rufi, laifin zai dawo kanki. A Abuja, mai hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida in yarjejeniyarsa ba ta faɗi wani abu daban ba, daga nan na kwana bakwai, sannan kotu. Ki nemi rasit ɗinsa ki ga ranar ƙarewa. Kuɗin hayar watannin da suka rage naki ne, ki karɓa a hannun wanda ya sayar miki, ki je da su wajen mai gidan da kike ciki ki roƙi ya bar ki kina biya wata-wata har ɗan hayar ya tashi.