Kwalli a idon kyanwa

Ɗiyata, na ga saƙonki tun bayan la'asar, sai da na idar da isha'i na samu zama. Kin ce 'yar kyanwar da maigidanki ya sayo maki idanunta sun yi ja, kwantsa ta liƙe su, tana ta atishawa, kuma surukarki ta ce a sa mata kwalli ko a ɗiga mata nonon mai jego, wai haka aka gada. Kina tambaya ko da gaske al'ada ce, kuma ko abin kunya ne a ga matar aure ta ɗauki kyanwa zuwa wurin likita. Da farko na yi murmushi, don a shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi, daga kasuwar Mai'aduwa zuwa rugagen Fulani, zancen shanu da tumaki ake tare ni da shi. Sai can dab da ajiye aikina aka fara kawo mana kyanwa a kwali. Amma da idona ya kai kan kalmar kwalli sai gabana ya faɗi.

Ba ki riski Kakarmu ba. Lokacin da nake ba ki labari mahaifiyarki tana goye, ni kuwa ban wuce shekara goma sha biyu ba. Shekarar da afolo ta shigo mana Daura ce. Ciwon nan daga Gana ya taso a 1969, shekarar da mutanen Amurka suka sauka a kan wata, shi ya sa aka laƙaba masa sunan kumbonsu. Da ya iso gare mu, gida bai tsira ba. Ka je ɗibar ruwa Kusugu ka tarar da mutane kowa ido jawur, ana gaisawa ana kau da kai, don an yarda ko kallon mai ita ka yi ta kama ka.

A cikin wannan hali kyanwar Kaka ta haihu a ƙarƙashin gadon kara, 'ya'ya uku. Hunturu ne, iska tana kaɗa ƙura har cikin ɗaki. Ɗan kyanwa da ido rufe ake haihuwarsa, sai ya yi mako guda zuwa kwana goma yake buɗewa. Biyu suka buɗe a kan lokaci. Ta ukun, wata 'yar fara mai ɗigon baƙi a goshi, aka wuce mako biyu shiru, fatar idon ta kumbura kamar an cusa gurjiya a ciki. Ni na ƙwallafa rai a kanta. Kullum ina ganin Inna tana sa wa mahaifiyarki kwalli, ana cewa yana wanke ido, sai na ce a raina to ga magani a gida. Ranar da mata suka tafi gidan suna, na buɗe tandun Inna na zaro tsinken, na danne 'yar kyanwar nan a cinya, na ɓanɓare fatar idon dama da ƙarfi na zura. Har yau ina jin kukan da ta yi. Ina shirin kama na hagu ke nan Kaka ta ɗaga asabari.

Ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni da ya fi mani sauƙi. Ta karɓe ta, ta dube ni, ta ce: "Garin gyaran gira ka rasa ido." Ta karya tsinken ta jefa a murhu. Ta sa na tafasa ruwa a 'yar tukunya, muka jira ya huce har ya koma ɗumin jiki, ta jefa gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Ta tsinko audugar da take kaɗi da ita, sabuwa fil. Ta jiƙa, ta ɗora a kan idon hagu, ba ta ja ba, ba ta murza ba, ta dai riƙe tana salati. In audugar ta huce ta yar ta ɗauki wata. Mun fi rabin sa'a a haka. Can sai fatar ta saki don kanta, mugunya ta fito rawaya, ga ɗan ido shuɗi a ƙarƙashi yana ƙyalli. Kwana bakwai tana yi mata haka, safe, rana da dare, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ido biyu da auduga ɗaya ba. Na hagu ya warke sarai. Na daman da na taɓa ya yi hakiya fari fat. Kyanwar nan ta shekara tara a gidanmu, ta kashe ɓeraye ba adadi, amma duk sanda ta juyo mani da wannan gefen sai na sunkuyar da kai.

Sai da na shiga aiki na zauna da likitoci na gane abin da ya faru. Ba afolon mutane ce ta kama ta ba, wannan ba ta kama kyanwa. Ƙwayoyin cuta ne suka taru a bayan fatar ido tun kafin ta buɗe. Ita kuwa taki, tunda kin ce akwai atishawa, na fi zargin murar kyanwa. Mafi yawanta wani bairos ne da ake kira hapis na kyanwa ke kawo ta, akwai kuma wani mai suna kalisi da ke haɗawa da gyambo a harshe. Shi hapis in ya shiga ba ya fita, lafawa yake yi, sai kyanwa ta wahala, ko an sauya mata gida, ko ta haihu, ya sake tasowa. Ki lura taki daga hannun mai sayarwa ta fito, ta sha hanya, ta shigo baƙon wuri. Akwai kuma bakteriya mai suna kalamidiya, ita takan fara da ido ɗaya, bayan 'yan kwanaki ta tsallaka ɗayan. Wani lokacin kuma ba cuta ba ce ma, ƙurar hunturu ce, ko hayaƙin turaren wuta da kuke turnuƙe ɗaki da shi, ko farcen wani muzuru. Kaka takan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Shi ya sa ba na son ki aiki yaro kemis ya ce a ba shi maganin ido. Wasu daga cikin na ɗigawar da ake miƙo wa mutane akwai wani magani mai suna deksametason a ciki. Yana kwantar da ja nan da nan, mai shi ya yi ta murna, amma in akwai ƙujewa a kan baƙin idon sai ya hana ta warkewa, ta yi ta zurfi har idon ya fashe. Wannan ƙujewa ba a ganin ta da kallo. Likita wani ruwan rini yake ɗigawa, wurin da ya ƙuje ya fito kore shar. Daga nan ne zai san ko man ido na tetrasayikilin zai ba ki, ko kuwa doksisayikilin na sha, wanda in kalamidiya ce sai an yi kamar mako huɗu ana ba ta, ko da idon ya washe tun a makon farko. Kuma don Allah ki ji wannan da kyau: kada ki kuskura ki ba ta farasitamol don kin ji jikinta da zafi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta.

Kwalli kuma dutse ne aka niƙa, da yawansa akwai dalma a ciki. Kyanwa kuwa da hannu take wanke fuska ta lashe, kin ga duk abin da kika sa a idon cikinta zai ƙare. Nono shi ma ba maganin ciwon idon kyanwa ba ne, sai dai ya ƙara danƙo. Ban ce ki yi musu da surukarki ba, babba ce, kuma da kyakkyawar niyya ta faɗa. Ki yi mata godiya, ki ce kawunki ya ce a fara da ruwan ɗumi. Na tabbata ita ma ta san wannan, don duk tsohuwar da ta yi raino ta san shi.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne da kika ce sayo ta aka yi. A zamaninmu ba a cinikin kyanwa. In ta maƙwabta ta haihu sai ka je ka roƙa, a ce ka bari a yaye su, ran da suka isa a sa maka a buhu ka kawo gida, tukuicinka godiya. Ta haka ka san uwarta, ka san gidan da ta fito, ka ga ko 'yan'uwanta lafiya suke. Yanzu sai a ga hoto a waya a tura kuɗi, a raba jariri da uwarsa tun bai ƙoshi da nono ba, a tara su goma a keji ɗaya suna yi wa juna atishawa. In irin masu gajeren hancin nan ce da ake yayi, su da ma hawayensu ba ya bin hanyarsa daidai, aikin share mata ido ne na kullum kika ɗauka. Kuma kun mayar da su 'yan ɗaki, ba fita ba shiga. Malamanmu sun karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kaka takan ce wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai ya ɗauki cinsa da ciwonsa. Ki auna maganar kunya da wannan.

Yau da dare ki tafasa ruwa ya huce, ki samu auduga mai tsabta, kowane ido da tasa, ki share daga wajen hanci zuwa waje. Ki goge mata hancin ma, don kyanwa in ba ta ji ƙamshi ba ba ta cin abinci, ki ɗan ɗumama mata kifi ko nama. Ki wanke hannu bayan kin gama, ki hana yara sumbatar ta, in akwai wata kyanwa a gidan ki raba masu kwano da wurin kwana. Gobe da safe maigidanki ya kai ku asibitin dabbobi nan Katsina, ki kuma tambayi likita allurar rigakafin mura, ana fara ta tun suna da mako takwas ko tara a sake bayan mako uku zuwa huɗu, amma sai ta warke tukuna. In kika ga ta runtse ido ɗaya ta ƙi buɗewa, ko baƙin idon ya yi hazo, ko ta yini ba ta ci komai ba, kada ki jira komai.

Ba ki faɗa mani watanninta nawa ba, kuma kwantsar fara ce ko rawaya. Ki turo mani hotonta da hasken rana. Ki gaida maigidan, ki gaida Hajiya da kyau.