Me ya sa ake “gina” tukunya?

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto cewa ta fara koyon yin tukwane a gida. Tana tambaya ko daidai ne ta ce tana “ƙera” tukunya, sannan mene ne bambancin yumɓu da laka.

’Yar’uwa, ƙira ta maƙeri ce, mai wuta da ƙarfe da uwar maƙera. Ke gini kike yi. Bahaushe cewa yake ginin tukwane, mai sana’ar kuwa magini ne ko maginiya, jam’i magina, sunan da suke tarayya da masu ginin ɗaki. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maginiya zai ga dalili. Sai ta kafa gindi, ta mulmula yumɓu ya yi tsawo, ta ɗora, ta shafe, ta bari ya ɗan sha iska kafin ta ƙara wani. In ta yi garaje, jikin ya zube. Haka ake tayar da katangar ƙasa, sahu bisa sahu.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar ba hawa sama kaɗai take nufi ba. Ana gina rijiya, gafiya na gina rami, har ake cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mai tukwane ta haɗa ma’anonin biyu, domin sai ta gino ƙasar daga kududdufi kafin ta gina tulu.

Laka ita ce ƙasa mai danƙo da ke kwance a ƙasan ruwa, taɓo kuma wanda ke kama ƙafa da damina. Yumɓu shi ne na aiki, wanda aka tsince wa tsakuwa, aka jiƙa, aka cuɗa. Magina kan daka fasassun tsofaffin tukwane su zuba a ciki don kada sabuwa ta tsage a wuta. Waɗannan gutsattsarin su ne tsingaro. Kada ki ce musu sakaina, wannan ta ƙwarya ce, ko da yake ina jin yaran birni na haɗa su.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi kuma ya tambayi yadda za a faɗi adon da ake yi wa tukunya. Zane ne, malam, kuma tun tana da sauran danshi ake yin sa, da tsinke, ko a mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko totuwar masara a kafaɗarta. Wasu su shafa jar ƙasa su goge da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Ta bushe a inuwa, sannan a toya ta. In kana son ganin gwanar zane, juya takardar naira 20. Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew, wani maginin tukwane Baturen Ingila, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Da hannu ta saba gina manyan tulunanta, tana zana musu ƙadangaru da kifaye da kunamu. Ta rasu a 1984. Sunanta dai na Hausa ne, na macen da aka haifa ran Lahadi.

Ya kuma tambayi asalin “asusu”. Ɗan ƙaramin ginin yumɓu ne mai tsaga a sama, ana jefa kwabbai, ba a cirewa sai an fasa. Shi ne yau muke ji a rediyo, asusun banki, Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ga mai koyo kamar ’yar’uwarmu ta Zariya, da shi zan ce ta fara, ko da kaskon turare, kafin ta kai ga randa.