Kafin ka kai kuɗinka Katako

Yarona, na ji tambayarka. Ka ce ka tara jika talatin, kana son ka fara mallakar kayan aikinka, kuma ka ga wani akwati a kasuwar Katako ta Yamai mai kaya sun fi ɗari a ciki, farashinsa daidai aljihunka. Ka saya ko ka bari? Ka bari. Buɗe shi ka ƙirga da kanka: fiye da rabi kile ne na makanikai, waɗanda mai aikin kuran, wato wutar lantarki, zai shekara bai taɓa ba. Mu abin da hannunmu ke ɗauka daga safe zuwa la'asar bai wuce guda shida ba. In aka raba jika talatin a kan kaya ɗari, wane irin ƙarfe kake tsammanin kowanne zai samu?

Kayanmu iri biyu ne: masu taɓa bango da masu taɓa waya. Guduma, kurfi, zarto, mita ta awo, waɗannan ka sayi na araha, ko ma na hannu. Kurfin da maƙeri ya buga da sifirin ɗin mota ya fi na cikin leda daɗewa, kuma in ya dakushe ka koma masa ya wasa. Kuɗinka ka ajiye wa filaya, da mayankin waya, da turnabis, da abin gwajin wuta, don su ne tsakanin tafin hannunka da volt 220 da ke fitowa daga kontar NIGELEC, kamfanin wutar Nijar.

Ba kowace jar roba ce ke tare wuta ba. Yawancin filayar da ke rataye a shaguna, robar hannunta don daɗin riƙo aka sa ta. Wadda aka yi don mu, za ka ga an buga mata alwatika biyu masu haɗe da juna, da 1000 V, da lambar IEC 60900. Ƙa'idar wannan lamba ita ce kowace guda sai an gwada ta da volt 10,000 kafin ta bar masana'anta. Na Jamus, irin su Knipex da Wiha da Wera, sukan ƙara tambarin VDE, ƙungiyar Jamus mai gwada kayan wuta. Akwai Facom na Faransa, tsofaffin ma'aikata na Yamai da shi suka tashi. Sai dai ka sani, masu jabu ma sun iya rubuta 1000 V. Kankare rubutun da farce: in fenti ne ya goge, ajiye musu kayansu. Na gaske robarsa mai kauri ce, tana da tudu kusa da baki don kada yatsa ya zame ya hau ƙarfe. Wasu ma hawa biyu ake yi musu, ja a sama, rawaya a ƙasa. Ranar da ka hango rawayar ta leƙo, filayar ta gama aikin wuta, ka mayar da ita ta cire ƙusa. Kada na ga ka naɗe ta da sikoci ka ci gaba.

Ƙarfen kuma, hannu da ido ke gane shi. Rufe filayar ka ɗaga ta sama wajen haske. Wurin yankan dole ya haɗu ruf, babu hasken da zai ratsa. In can gaba wajen haƙora ka ga ɗan sarari kamar kaurin takarda, ba laifi ba ne, da gangan ake yi don mayankin ya riga haɗuwa. Sannan riƙe hannayen biyu ka girgiza su gefe da gefe. In ƙusar tsakiya tana rawa tun a shago, kafin damina za ta riƙa tauna waya maimakon yanka ta. Ka tafi da guntun waya mai kaurin 2,5 mm² da wata mai silili a aljihu. Mai kyau za ta datse ta farko da ƙara ɗaya, ƙas, ta yanke ta biyun ba ta bar ko sili ɗaya yana reto ba. Duba bakin bayan nan: in tagulla, ƙarfe mai laushi, ta bar masa gurbi, ka ga amsarka. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, yi masa sallama cikin mutunci ka wuce na gaba. Rubutun Cr-V, mai nuna irin ƙarfen, da ke jiki ma kada ya ruɗe ka, yau har a kan na jika guda ana buga shi.

Turnabis ne yara suka fi rainawa, shi ne kuwa ya fi jawo mana kunya. Kai mai gicciye iri biyu ne. PH gicciye ne kawai. PZ yana da ƙananan layuka huɗu a tsakanin manyan, kuma shi ne a kan yawancin disjonkter, wato makatsin wuta, da ke shigo mana daga Turai. Ka sa PH a kan PZ, zai shiga, zai ma juya, amma da ka zo ɗaurin ƙarshe sai ya zame ya cinye kan sukurun. Waya ta zauna sako-sako, ta yi ta ɗumi a ɓoye, wata uku mai gida ya kira ka yana jin ƙaurin roba a tablo, akwatin rarraba wutar gida. Sayi PZ2 da PZ1, da masu faɗin baki biyu, ƙarami na domino, abin haɗa wayoyi, da matsakaici na priz, wurin jona kayan wuta a bango, duk masu roba har kusa da baki. Huɗun nan sun ishe ka shekara.

Yanzu testa, wannan mai ɗan ƙwai a ciki da kowa ke maƙalawa a aljihun riga. Riƙe shi, yana da amfani, amma kada ka ɗora ranka a kansa. Ta jikinka yake kammala hanyarsa. In kana kan tsani na katako da takalmin roba, haskensa kan yi rauni, a ranar Yamai kuwa ba za ka ma gan shi ba. Wani lokaci ya kama a kan wayar da ba ta da komai, don kawai tana kwance kusa da mai wuta. A batir na sola mai volt 12 ko 24 ba ya kamawa sam, alhali kile ɗaya in ya haɗa kawunan batirin nan biyu zai yi ja ya ƙone maka yatsu. Abin dogaro multimeta ne, na'urar auna volt da amfiya. Nemi mai rubutun CAT III 600 V, shi ne na aikin tablo; CAT II na priz ne da kayan cikin ɗaki. In mai shago ya yarda, a buɗe bayansa ka ga fis: fari na tangaran mai yashi a ciki ake so, ba ɗan siririn gilashi ba. Ranar da ka manta wayar multimetan a ramin auna amfiya ka dangwala ta a priz, kuma kowa yana mantawa, wannan fis ɗin ne zai mutu a madadin fuskarka. Multimetan kamfanin Fluke ya fi ƙarfinka yanzu, ba komai, akwai na tsakiya masu kirki. Kuma kowane ka saya, gwada shi a priz mai wuta kafin ka auna, ka sake gwada shi bayan ka auna. Ɗaukewar wuta a unguwa ba kashe disjonkter ba ce, tana dawowa ba sallama.

Na hannu fa? Tsohuwar filayar Turai da ke shimfiɗe a ƙasa wajen masu gwanjo takan fi sabuwar jabu ƙarfe nesa ba kusa ba. Saya don lanƙwasa da ja. Amma robar da ba ka san tarihinta ba, kada ka kai ta wurin wuta.

In ka samu kayan, jaka za ka yi musu, ko ta buhu ce wajen tela. Zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, turnabis ya wuni kan kwano ko a bayan moto sai robar ta bushe ta tsage. Lokacin hunturu ƙura na shiga ƙusar filaya, ɗigon mai ɗaya a mako ya isa. Mayankin tagulla ba a yanka ƙusa da shi, ba a kuma ba da shi aro ga magina.

Da jika talatin ɗinka, fara da filaya da turnabis biyu, ka ci gaba da aiki da multimetana har ka tara na naka. Ranar Asabar bayan azahar ka same ni a shago mu tafi tare, kuma kada ka nuna wa mai kaya kuɗinka kafin na gama dubawa.