Digirin digirgir a nazarin addinai a Amurka: matakan karatu da lokacin zuwa gida

Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi karatun digirin digirgir a fannin nazarin addinai, da tallafin shekara biyar, kuma yana son yin bincike a kan rubuce-rubucen malaman Daular Sakkwato. Yana tambayar tsawon karatun, da lokacin da zai iya zuwa ganin mahaifiyarsa ba tare da takardunsa sun lalace ba, da kuma ko maiɗakinsa za ta iya yin aiki.

Malam, Allah ya sanya albarka. Ka fara sanin cewa wannan digiri yakan ci shekara biyar zuwa bakwai, kuma tallafin yakan ƙare kafin ɗalibai da yawa su gama, don haka tun zangon farko ka riƙa lissafin kowane mataki da kuɗin da ya rage maka.

Shekara biyu na farko, wani wurin har uku, na kwasa-kwasai ne. Za a saka ka karanta ra'ayoyin masana irin su Emile Durkheim da Max Weber a kan asalin addini da aikinsa a cikin al'umma, kuma za a bukaci ka yi nazarin Musulunci da ma'aunin tarihi da na zamantakewa, kamar yadda na kusa da kai zai yi wa addinin Buda. Wanda ya taso a zaure gaban malaminsa yakan ji wannan banbaraƙwai. Yana da kyau ka yi wa mutanen gida bayani da wuri, domin kada su zauna jiran mai tafsiri ko mai ba da fatawa.

Harsuna su ne inda na fi ganin 'yan'uwanmu suna ɓata lokaci. Sassa da yawa suna neman ka ci jarrabawar karatu a harsunan bincike biyu, galibi Faransanci da Jamusanci, ban da harshen da littattafan fanninka suke ciki. Larabcinka jari ne babba, amma ba zai ɗauke maka wannan sharaɗi kai tsaye ba. Jarrabawar yawanci fassara ce: a ba ka shafi daga littafin wani masani, da ƙamus, da ƙayyadadden lokaci. Ka nemi izinin sashe a rubuce idan kana son Hausa ko Fulfulde ta maye gurbin ɗaya, tunda aikinka zai taɓa waƙoƙin ajami, sannan ka kawar da sauran a hutun bazara na shekarar farko, domin a wurare da dama ba a barin mutum ya zauna babbar jarrabawa sai ya gama da harsuna.

Babbar jarrabawar takan zo a shekara ta uku. Kai da malamanka za ku tsara jerin littattafai a fannoni uku ko huɗu, ka amsa a rubuce, sannan kwamiti ya titsiye ka da baki. Bayanta sai ka kare tsarin bincikenka, wanda da zarar an amince da shi, abin da ya rage maka shi ne rubuta kundin digirin kaɗai.

Wannan ne lokacin da ya fi dacewa da doguwar tafiya gida, kuma bincikenka ma yana bukatarta: Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kafin nan ka leƙa ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern, inda aka adana littattafan Malam Umar Falke na Kano. Idan za ka yi hira da mutane, sai ka sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka kafin ka ɗauki muryar kowa.

Game da takardu, mai bizar ɗalibi ta F-1 da ya fita ba ya samun komawa Amurka sai jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya sa hannun tafiya a fom ɗinsa na I-20, wato takardar da jami'a ke bai wa ɗalibin waje don shaidar karatunsa, kuma wannan sa hannu shekara ɗaya yake yi. Zaman da ya wuce wata biyar a waje yana iya rufe rajistarka ta SEVIS, wato rumbun bayanan ɗaliban ƙasashen waje na gwamnatin Amurka, sai fa idan jami'a ta rubuta cewa bincike ne ya fitar da kai kuma kana cikin rajista. Ka dubi bizar da ke fasfonka ma, domin idan ta ƙare kana gida sai ka nemi sabuwa, kuma a watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin irin waɗannan bizoji na 'yan Najeriya zuwa masu ba da damar shiga sau ɗaya kawai, da wa'adin wata uku. Ka tambayi ofishin halin da ake ciki kafin ka yanki tikiti, ko da ziyarar mako biyu ce. Haka kuma idan ranar ƙarewar da ke kan I-20 ta matso ba ka gama ba, ka nemi ƙari kafin ranar ta cika.

Maiɗakinka kuwa, idan da bizar F-2 ta iyalin ɗalibi ta zo, doka ba ta ba ta izinin aiki ba ko kaɗan. Kai ma awa 20 a mako ne iyakarka a cikin jami'a lokacin zango, kuma aikin taimaka wa malamai koyarwa da ke cikin tallafinka yakan cinye su. Saboda haka kuɗin da za ka yi alkawarin aikawa gida duk wata, ka yanke shi bayan ka cire haya da inshorar lafiyar mutum biyu.