Lambobin da ke jikin buhun taki, da sauran tambayoyinku

Wani manomin masara daga Giwa ya tambaya: "Malam, na ga buhu mai 15:15:15, na ga mai 20:10:10. Wanne ya fi ƙarfi?"

Alhaji, ba zancen ƙarfi ba ne, zancen abin da ke cikin buhun ne. Lambobin nan uku suna nuna kason sinadarai uku cikin ɗari, a jere: naitirojin, fosfaras, fotasiyam. Su ne N, P da K. Buhun kamfa, wato takin da ya haɗa ukun nan, mai kilo 50, in 15:15:15 ne, naitirojin ɗinsa kilo 7.5 ne kacal. In 20:10:10 ne, kilo 10. Yuriya kuwa kashi 46 ce, buhu guda kilo 23. Masara mayunwaciyar naitirojin ce, shi ya sa muke cewa a sa kamfa cikin sati biyu da shuka, a bi da yuriya wajen sati na biyar ko na shida. Amma don Allah a tona a binne. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa ana zafin rana, wani kaso nata tashi yake ya bi iska, kuɗinka ke nan. Kuma kada a gauraya ta da toka, asarar ƙaruwa take.

Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta ce ganyen masararta ya yi rawaya, ko ta ƙara yuriya?

Hajiya, fara duba wane ganye ne. In na ƙasa ne, tsofaffin, rawayar ta taso daga tsinin ganye ta bi tsakiyarsa, to naitirojin ne ya gaza, ki ƙara. In sababbin ganyen sama ne suka koɗe, an fi zargin salfa. Zane-zane fari a ganyen ƙaramar masara kuwa alamar ƙarancin zink ce, ko buhu nawa na yuriya kika juye ba zai gyara ba. Ganye mai jaja-jaja kamar ruwan goro da ya yi duhu, fosfaras ne. In gonar babba ce, ni da zan kai ƙasarta a gwada a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kafin in sake kashe ko sisi.

"Gyaɗa fa, a sa mata yuriya?"

A'a. Tuge gindi ɗaya ka duba saiwar, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke jawo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 ɗinta naitirojin ne. Supa, wato takin fosfaras, ya fi dacewa da gyaɗa da waken suya, don ban da fosfaras yana ɗauke da kalsiyam da salfa.

Wani ɗalibi kuma ya ce me ya sa ake rubuta fotasiyam da K? Daga sunansa na Latin ne, kalium. Buɗe jadawalin sinadarai na Royal Society of Chemistry a wayarka, kyauta ne, duka 118 suna nan. K shi ne na 19, kuma shi ne dai ke cikin tokar murhun gidanku.